Spider-Man 2: Inda gem ɗin 2004 ya rabu da fim ɗinsa, da abin da ya kamata a sani kafin a sauke shi a waya

A ranar 30 ga Yuni, 2004, fim ɗin Spider-Man 2 na darakta Sam Raimi ya shiga sinimomin Amurka. A cikin wannan makon ne kamfanin Activision ya saki gem mai suna ɗaya da fim ɗin, wanda Treyarch ya haɗa don PlayStation 2 da Xbox da GameCube. Jarumi ɗaya, mugu ɗaya, har muryoyin ma na 'yan fim ɗin ne: Tobey Maguire a matsayin Peter Parker, Kirsten Dunst a matsayin Mary Jane, Alfred Molina kuma a matsayin Dakta Octopus. Wanda ya ga kwalin faifan a shago zai ɗauka fim ɗin ne aka mayar gem, shi ke nan.

Amma duk wanda ya kalli fim ɗin sannan ya riƙe hannun gem ya buga, zai ga abubuwa biyu ne da suka kama hanyoyi daban. Fim ɗin yana nuna wahalar zama Spider-Man. Gem ɗin kuwa daɗin zama Spider-Man ya sa a gaba. Abin mamakin shi ne dukkansu sun yi nasara, kuma shekara ashirin da ɗoriya bayan haka matasa na ta neman gem ɗin a wayoyin Android, galibi suna sauke abin da ba shi ba ne.

Abin da fim ɗin ya ɗauko

An kashe kusan dala miliyan 200 wajen shirya fim ɗin, ya kuma tara sama da dala miliyan 780 a faɗin duniya, ya ci kyautar Oscar a ɓangaren siddabarun hoto. Duk da wannan kuɗi, labarin na talaka ne. Fim ɗin ya buɗe da Peter yana aikin kai fiza a wani shago da ke yi wa masu saye alƙawarin kai musu abinci cikin minti 29. Ya makara, mai shagon Mista Aziz ya sallame shi. Mai gidan da yake haya, Mista Ditkovich, yana tare shi a bakin ƙofa yana neman kuɗin haya. Malaminsa na jami'a, Dakta Curt Connors, ya gargaɗe shi cewa yana dab da faɗuwa. Banki na shirin karɓe gidan Anti May, matar da ta raine shi. Mary Jane ta gaji da jiran mutumin da ko wasan kwaikwayonta ya kasa zuwa kallo, ta amince za ta auri wani ɗan sama-jannati, John Jameson.

Daga nan sai ƙarfinsa ya fara yanke masa. Yana tsakiyar lilo a sama sai yanar ta ƙi fita, ya faɗo. Ba ciwo ba ne a jiki, zuciyarsa ce ta gaji da kayan. Ya jefa rigar Spider-Man a kwandon shara ya tafi, yanayin da aka ɗauko daga mujallar barkwanci ta The Amazing Spider-Man mai lamba 50, ta shekarar 1967. Na wani dogon lokaci a tsakiyar fim ɗin babu Spider-Man sam, sai wani saurayi mai tabarau da ke zuwa aji a kan lokaci, yana kau da kai idan ya ji jiniyar 'yan sanda.

To, a nan matsalar masu haɗa gem take. Ba wanda zai sayi gem ɗin Spider-Man don ya shafe sa'a guda yana tafiya a ƙasa yana tunanin kuɗin haya. Abin da ya fi ƙarfi a fim ɗin shi ne abin da ba zai buguwa ba.

Lilo

Treyarch sun kama wani abu da fim ɗin ke nunawa na 'yan daƙiƙoƙi kawai tsakanin wannan fage da wancan, wato lilon da Spider-Man ke yi tsakanin dogayen gine-ginen New York, suka mayar da shi ƙashin bayan gem ɗin baki ɗaya.

Don a gane girman abin, sai an waiwayi gem ɗin da ya gabata, na 2002, wanda shi ma Treyarch suka haɗa don fim na farko. A cikinsa idan aka danna madanni, yanar tana harbawa sama ta maƙale a inda babu komai, kamar an ɗaura ta a gajimare. Spider-Man yana tafiya gaba ne a miƙe, lilon ado ne kawai. Ba a ma iya sauka kan titi a matakan da ake yi a waje, wanda ya faɗo ya mutu.

Jamie Fristrom, ɗaya daga cikin manyan masu tsara manhaja a Treyarch, shi ne ya jagoranci sauya wannan. A sabon tsarin, duk lokacin da aka harba yana, gem ɗin yana laluba gine-ginen da ke kusa ya nemo ainihin wurin da za ta kama, kusurwar bene ko jikin bango, ya ɗaura ta a nan. Daga wannan lokacin jikin Spider-Man ya zama kamar dutsen da aka ɗaure a bakin igiya. Idan yanar ta kama ginin da ke dama, za ta ja shi dama, ko yana so ko ba ya so. Idan ya saki igiyar a ƙasan lilon, zai fita gaba da gudu. Idan ya jira har ta kai shi ƙololuwa, zai tashi sama amma gudun ya ragu. Duk yaron da ya taɓa ɗaura igiya a reshen bishiya ya yi lilo ya san wannan lissafin a jikinsa, ko bai taɓa shiga ajin kimiyya ba.

Sakamakon shi ne birnin ya zama abin da sai an koya. A tsakiyar Manhattan inda benaye suka yi tsawo, tafiya tana da sauri da daɗi. A unguwannin da gidaje suka yi gajeru, ƙafa na iya shafar kwalta. A Central Park sai dai a kama bishiyoyi. A kan ruwa babu abin kamawa, kuma wannan Spider-Man ɗin bai iya iyo ba. Sabon shiga yakan yi rabin sa'a yana karo da bango yana faɗowa kan motoci, shi ya sa aka saka masa zaɓin lilo mai sauƙi. Amma wanda ya daure ya koyi na ainihin, ranar da ya iya shan kwana a kusurwar titi ba tare da ya taɓa komai ba, ya saki yana ya yi gudu a jikin bango ya sake kama wata, zai ji abin da fim ba zai iya ba shi ba, domin a fim wani ne ya yi, a nan kuwa yatsunsa ne.

An kuma buɗe masa garin gaba ɗaya: tsibirin Manhattan, da ƙananan tsibiran Roosevelt da Ellis da Liberty, ba tare da allon jira tsakanin unguwa da unguwa ba. Mutum na iya hawa har ƙolin Empire State Building, ya diro, ya bari sai ya kusa ƙasa sannan ya harba yana. Shekara uku ke nan da Grand Theft Auto III ya nuna wa duniya buɗaɗɗen birni a PlayStation 2, amma a can a ƙasa ake yawo. Wannan ya ƙara wa birnin tsawo.

Inda labarin ya karkace

Ƙashin labarin fim ɗin yana nan a gem ɗin. Gwajin Dakta Otto Octavius ya lalace, matarsa Rosie ta mutu, hannayen ƙarfe huɗu suka manne a bayansa. Akwai fashin banki, akwai ɗauke Anti May, akwai cinikin da Harry Osborn ya yi da Octavius kan sinadarin tritium. Sai dai fim na sa'a biyu da 'yan mintoci ba zai cika gem ba, don haka aka ɗebo wasu daga mujallun barkwanci: Rhino, Shocker, Mysterio da Black Cat, waɗanda babu ko ɗayansu a fim ɗin.

Black Cat ce ta fi muhimmanci, domin ita ce ta maye gurbin rikicin zuciyar da ke fim ɗin, amma a juye. A fim, Peter yana son ya daina zama Spider-Man ya koma mutum kamar kowa. A gem, Black Cat tana zuga shi ya daina zama Peter Parker, ya watsar da karatu da aiki da Mary Jane ya zauna cikin rigar dindindin. Wannan dabara ce mai kyau, domin abin da mai buga gem ɗin ke so ke nan. Shi ma ba ya son komawa aji. Duk lokacin da gem ɗin ya ce a je a sami Mary Jane kafin lokaci ya ƙure, mai bugawa yakan ji an katse masa jin daɗi, daidai da yadda Black Cat ke faɗa.

Mysterio kuwa ya kawo raha. Bayan ya sa an sha wahala a gasar da ya shirya don kunyata Spider-Man, da harin ƙarya na baƙin halittu a kan gunkin Statue of Liberty, sai a ci karo da shi yana fashi a wani ƙaramin kanti. Ma'aunin ransa ya cika allon har hawa-hawa, mai bugawa ya gyara zama yana jiran babban faɗa. Naushi ɗaya ya kwantar da shi.

Har fizar da aka kori Peter a kanta ta dawo. A gem ɗin ana iya zuwa shagon a karɓi aikin kai ta, agogo na tafiya, wani tsohon kiɗan Italiya na ƙara sauri yayin da lokaci ke ƙurewa, kuma idan aka cika juyi a sama fizar ta dagule. Abin da ya zama wulaƙanci a fim ya koma ɗaya daga cikin wuraren da aka fi tunawa a gem.

Inda fim ɗin ya yi masa nisa

Ba a nan kaɗai maganar ta tsaya ba, gem ɗin yana da nasa raunin, kuma ba ƙarami ba ne.

Kafin labari ya ci gaba daga babi zuwa babi, dole sai an tara wani adadi na makin jarumta, wanda ake samu ta hanyar taimakon mutanen gari. Ayyukan ba su da yawa, sai maimaici: ɓarayi sun tare motar kuɗi, ma'aikaci na reto a bakin bene, mai rauni na buƙatar asibiti, jirgin ruwa na nutsewa. Sai kuma yaron da balan-balan ɗinsa ta tashi sama yana kuka, wanda ya zama abin zolaya a intanet har yau. A karo na uku abin dariya ne, a karo na talatin kuwa aiki ne. Fuskokin mutanen ba su da kyau ko a ma'aunin 2004, bakunansu ma ba sa motsi idan suna magana a titi. Muryar Maguire a gem ɗin ta fito a sanyaye, kamar wanda ke karanta takarda shi kaɗai a ɗaki. Bruce Campbell, wanda ke koyar da yadda ake bugawa cikin gatse da ba'a, shi ne ya fi kowa rai.

Dakta Octopus ma ya yi asara. Molina na fim mutum ne mai kirki da ilimi wanda hannayen ƙarfen suka rinjayi hankalinsa, har mai kallo ya tausaya masa a ƙarshe. Na gem ɗin ya fi kama da shugaban 'yan adawa da ake jira a ƙarshen mataki.

Fagen jirgin ƙasa ya isa misali. A fim, abin da ke tsayawa a ran mai kallo ya wuce faɗan da aka yi a kan rufin jirgin. Peter ne ya tsayar da jirgin da jikinsa har ya suma, fasinjoji suka tallafo shi suka shigo da shi a kan hannayensu, suka ga fuskarsa babu abin rufewa, suka ga ashe yaro ne, suka kuma yi alƙawarin rufa masa asiri. A wannan wurin jarumin ba ya yin komai, a kwance yake. Babu madannin da za a danna a samar da irin wannan. Haka ma inda ya zauna gaban Anti May ya faɗa mata gaskiyar rawar da ya taka a mutuwar Kawu Ben, ta zare hannunta ta tashi ba ta ce uffan ba.

Me ya sa irinsa ba su da yawa

Gem ɗin da aka ɗaura wa fim yana da mummunan suna, kuma da dalili. Ranar fitowarsa ba ta hannun masu haɗa shi, ranar fim ce, ko an gama ko ba a gama ba. Labarin fim yana canzawa ana tsakiyar aiki, kamfanonin fim kuma suna ɓoye sirrinsu har ga masu haɗa gem ɗin. A bazarar 2004 ɗin nan, Catwoman ya fito a fim da gem, dukkansu suka sha suka. Sega ta fitar da Iron Man a 2008, Iron Man 2 a 2010, da Thor: God of Thunder a 2011, babu wanda ake waiwaya a yau. Gem ɗin The Dark Knight da reshen Pandemic Studios na birnin Brisbane a Ostireliya ke haɗawa bai riski fim ɗin 2008 ba, aka soke shi.

Wanda ya sake karya wannan al'ada shi ne X-Men Origins: Wolverine na 2009, daga Raven Software, wanda mutane da yawa ke ganin ya fi fim ɗinsa. An tace fim ɗin don 'yan shekara 13 su iya kallo, sai aka sami jarumi mai faratan ƙarfe da kusan ba a ganin jini a jikinsu. Gem ɗin na manyan na'urori kuwa na 'yan 17 zuwa sama ne: harsashi na yaga naman Wolverine har a ga ƙashin ƙarfen da ke ciki, sannan raunin ya rufe a gaban ido. Hanyar da Treyarch suka bi ita suka bi, suka nemi abu guda da jikin jarumin ke yi suka gina komai a kansa.

A wannan shekarar ta 2009 Batman: Arkham Asylum na Rocksteady ya fito ba tare da jingina da wani fim ba, ya kuma nuna cewa hakan ya fi riba. Daga nan manyan kamfanoni suka fara janye jiki, gem ɗin fim ya koma waya. Gameloft ta fitar da The Amazing Spider-Man da The Dark Knight Rises a 2012, da Iron Man 3 a 2013. Lokacin da Insomniac Games suka saki Marvel's Spider-Man a PlayStation 4 a 2018, labarinsu na kansu ne, amma tambayar da aka yi ta yi musu kafin fitowarsa ita ce ko yanar tana kama gini da gaske. Tana kamawa. Ma'aunin da Treyarch suka kafa shekara 14 kafin nan shi aka auna su da shi.

Ga mai waya a hannu

Akwai abubuwa da dama masu suna Spider-Man 2, kuma a nan ake asarar data.

Wanda ake yabo shi ne na PlayStation 2 da Xbox da GameCube. Na kwamfuta da ya fito a shekarar wani kamfani ne daban, The Fizz Factor, ya haɗa shi don yara, ana danna wuraren da aka riga aka ware ne kawai a yi lilo. Na PSP kuwa, wanda Vicarious Visions suka haɗa ya fito a 2005, shi ne ya fi yawo a wayoyin matasa saboda manhajar PPSSPP tana tafiya lafiya ko a ƙaramar waya. Ba laifi a matsayinsa na gem, amma mataki-mataki ake bugawa, babu buɗaɗɗen birni, lilonsa kuma ya fi kusa da na 2002. Wanda ya buga wannan ya ce bai ga abin da ake zuzutawa ba, gaskiyarsa ne, bai ga shi ba.

Sai na huɗu, Marvel's Spider-Man 2 na Insomniac, wanda ya fito a PlayStation 5 a 2023, ya iso kwamfuta a Janairun 2025. Ba shi da alaƙa da fim ɗin Raimi, girmansa ya kusa gigabait 100, kuma babu shi a Android ko iPhone. Duk bidiyon YouTube ko shafin da ya ce ga shi a ɗan ƙaramin fayil na waya, sai an cika wani fom ko an sauke wasu manhajoji kafin ya buɗe, tarko ne. Mafi sauƙin abin da zai biyo baya shi ne tallace-tallace su cika wayar. Mafi muni kuwa, manhaja ce da za ta nemi izinin karanta saƙonni, a wayar da banki ke turo lambobin sirri.

Na ainihin, na 2004, ba a sake fitar da shi a hukumance a kan wata na'urar zamani ba. Activision ba ta riƙe da lasisin Spider-Man yanzu, kuma gem ɗin da aka gina kan lasisin fim yakan maƙale tsakanin kamfanoni da yawa, kowa da haƙƙinsa. Gem ɗin Gameloft da aka ambata a sama ma an cire su daga Play Store. Hanyar da ba ta da ƙura ita ce tsohuwar PlayStation 2 da faifanta, irin waɗanda suka cika shagunan gem a Kano da Kaduna kafin a koma PS3 da PS4, kuma har yanzu ana samun su a hannun masu sayar da na hannu.

A waya kuwa sai ta manhajar kwaikwayon na'ura. Dolphin, mai kwaikwayon GameCube, tana Play Store kyauta. AetherSX2, mai kwaikwayon PlayStation 2, mai ita ya dakatar da aiki a kanta tun Janairun 2023, don haka kwafin da ke yawo a shafuka barkatai abin taka-tsantsan ne. Manhajojin kansu halal ne a doka, fayil ɗin gem ɗin ne ya kamata ya fito daga faifan da mutum ya mallaka. Dukkansu biyun suna buƙatar waya mai ƙarfin gaske, ba kamar PPSSPP ba, kuma buɗaɗɗen birni irin wannan yana dumama waya yana shan batir. Faifan GameCube yana ɗaukar kusan gigabait ɗaya da rabi, sai a tanadi wuri.

Abu na ƙarshe shi ne hannun gem. Lilon yana buƙatar babban yatsa a kan sandar juyawa, wani yatsa a kan madannin harba yana, wani a kan na tsalle, wani kuma a kan na ƙara gudu, duk a cikin daƙiƙa guda. A kan gilashin waya yatsu biyu ne kawai ke aiki, kuma su ne ke rufe rabin birnin. Hannun gem mai haɗawa ta Bluetooth, ko da mai araha ne, shi zai sa a iya shan kwanar farko ba tare da an daki bango ba.